Na-Sama Bai Taɓa Hawa Ba

Duk wanda ya taɓa zuwa babban wurin shaƙatawar nan na bayan gari ya san Na-Sama. Da ka wuce lilon yara da tafkin da ake yawo a kwale-kwale, ka iso gindin dutsen da tsohuwar hasumiyar tsaro take a kansa, za ka tarar da wata 'yar rumfar katako mai taga ɗaya. A ciki yake zama, da hular aiki wadda rana ta cinye launinta, da abin huda tikiti rataye a wuya. Aikinsa ke nan tun gashinsa yana baƙi: ya karɓi tikiti, ya huda, ya ɗaga sandar ƙarfe mutum ya wuce. Amma ba hudar tikiti ce ta ba shi suna ba, bakinsa ne.

Ba ya barin kowa ya hau sai ya ba shi labarin abin da zai tarar a can sama. Akwai rijiyar masu gadin dā, wadda ba ta taɓa ƙafewa ba. Akwai sawun wani ƙato a kan falalen dutse, wanda jariri zai kwanta a ciki har ya yi juyi. In ka tsaya a kusurwar gabas ranar da gari ya washe, to kana iya hango teku. Yana faɗa yana lumshe ido yana kaɗa kai, layi kuwa ya yi tsawo a bayanka ba wanda ya damu.

Abin da ba a sani ba shi ne, Na-Sama bai taɓa taka matakalar dutsen nan ba. Mutum ne da ko kujera ya hau sai jiri ya ɗebe shi. Ranar da aka ɗauke shi aiki ya ɗaga kai ya dubi hasumiyar, ya ce sai gobe. Goben ce har yau ba ta zo ba.

Iliminsa duk daga bakin masu saukowa ya tsinto shi. Wanda ya sha wahalar hawa kuwa ba ya son a ce wahalar banza ya sha, dole ya ƙara gishiri. Wani ya ce ya ga ɗan rami, kafin mako ya zagayo ramin ya zama rijiya a bakin Na-Sama. In waɗanda ya ba labarin suka sauko sai ya tare su, “Kun ga rijiyar?” To wa zai yarda a ce shi kaɗai ne bai gani ba? Sai su ce, “Mun gani, Baba, har mun leƙa.” Wata malamar makaranta ma cewa ta yi ta sha ruwan, sanyi kamar daga firji. Da haka har shi kansa Na-Sama ya yarda da rijiyarsa.

Mutum ɗaya ne ya san gaskiya, Dogo mai shara, wanda kullum da safe yake hawa da tsintsiya da buhu. Ya taɓa cewa, “Baba, ni fa har yau ban ci karo da rijiyar nan taka ba.”

Na-Sama ya ce, “Ina za ka gan ta? Kai shara kake nema, kowa abin da ya kai shi yake gani.”

A gida ma haka ne. Matarsa, wadda kowa yake kira Uwar Biyu saboda tagwayen da ta fara haifa, ta sha labarin hasumiya tun tana amarya. Tana taka keken ɗinki yana zuba mata, ita kuma ba ta taɓa ce masa ya isa ba. In ta ce ya kai ta, sai ya ce wannan watan akwai iska, ko ana gyaran matakala. Ita ma hidimar yara ba ta bar ta ta matsa ba.

Sai da yaran suka watse gidajensu idonta ya fara dishi-dishi. Zare ya daina shiga allura, aka je asibiti, likita ya ce abin gaba zai riƙa yi. Wata safiya tana shanya wanki ta ce, “Malam, ranar hutunka za ka kai ni in ga saman dutsen nan, tun idon yana da saura.”

Ya buɗe baki zai ce akwai iska, ya dubi yadda take lalubar igiya, sai ya ce to. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma Na-Sama ya gwada. Ya roƙi Dogo ya rataya allon nan mai cewa an rufe don gyara. Dogo ya rataya, ya koma gefe ya tsaya da tsintsiyarsa.

Da suka iso, Uwar Biyu ta tsaya gaban allon ta ƙanƙance ido. “Me aka rubuta a nan?”

Kafin Na-Sama ya yi magana Dogo ya ce, “Barka da zuwa aka rubuta, Inna.” Ya cire allon, ya ɗaga musu sandar da hannunsa. Hararar da Na-Sama ya yi masa, da a ce harara tana kisa da an yi jana'iza a ranar.

Suka fara hawa. Ya riƙe hannunta gam.

“Malam, hannun zai karye.”

“Don kada ki faɗi ne.”

Ba su yi nisa ba matakalar ta ƙuntata, gefen hagu ya zama sarari. Na-Sama ya saci kallo sau ɗaya, ya ga kan bishiyoyi a ƙarƙashinsa. Ya durƙusa ya kama rarrafe, yana cewa ai haka gwanaye suke hawa, don nauyi ya rabu gida huɗu. Wasu baƙi da suke biye da su suka ji. Suka dubi juna, suka ce mutumin da ya tsufa a kan dutsen nan ai ya fi su sani. Sai ga layin manyan mutane da jakunkuna a baya suna rarrafe, har da wani mai tumbi da kyamara tana jan ƙasa. Uwar Biyu kaɗai ce take tafe a tsaye, tana dafa bango.

Da ƙasa ta baje a ƙarƙashin tafin hannunsa, Na-Sama ya buɗe ido ɗaya. Daɓen siminti ne, da benci mai karyayyar ƙafa, da kwandon shara. Hasumiyar guntun bango ce iya ƙirji. Rijiyar kuwa ɗan rami ne da robar ruwa a ciki, wata akuya tana tsaye a kai tana tuƙa. Baƙin suka kakkaɓe gwiwoyi, suka leƙa ramin, mai tumbi ya ce lallai da gani tana da zurfi, suka ɗauki hoto suka juya.

Uwar Biyu ta zauna a gefen bencin mai lafiya, iska tana kaɗa mata mayafi. Ta daɗe tana duban gabas. Sannan ta ce, “To Malam, ni fari kawai nake gani. Nuna mini tekun.”

Na-Sama ya dube ta. Da ya nuna ko ina ya ce ga shi can, da ta yarda, tunda ba gani take yi ba. Wannan ne ma ya fi yi masa ciwo. Ta kwaso ɗan abin da ya rage mata na ido ta kawo shi nan saboda surutunsa. Kunya ta kama shi, tausayinta ya fi kunyar yawa. Ya rarrafa zuwa guntun bangon, ya rungume shi, ya miƙe a hankali yana salati, ya buɗe ido duka biyu.

Ga rumfarsa can ƙasa kamar kwalin ashana. Ga tafki, ga titin da yake bi kullum da keke. Ya bi titin da ido, ya karya kwana wajen gidan mai, ya shiga layinsu.

Ya ce, “Uwar Biyu, babu teku. Amma ga gidanmu.”

“Gidanmu?”

“Ga tsohuwar tayar da tagwaye suka jefa kan kwano. Ga igiyar shanya, ga zanenki rawaya a kai.”

Ta taso ta laluba ta tsaya kusa da shi. Ya kama kanta ya juya shi daidai. Ta ƙanƙance ido har hawaye ya taru.

“Wancan ɗan ɗigon mai haske?”

“Shi ne.”

“Na gan shi, Malam.” Ta yi dariya tana share ido. “Ashe daga nan ma ana ganin wankin bai fita ba. Me kuma ake gani?”

Ya shiga faɗa mata gida gida, yana kuskure tana gyara masa, don ita ta fi shi sanin wanda ya sake rufi da wanda ya sare bishiyarsa. Sai da rana ta karkata ta ce su tafi kada wankin ya sha ƙura. A nan Na-Sama ya tuna cewa duk wanda ya hau sai ya sauka. Ya leƙa matakalar, ya koma ya zauna daɓas.

Ya ce, “Akwai maganar da ban taɓa faɗa miki ba.”

“Bar ta, Malam. Wa yake hawa kujera ya sauya ƙwan lantarki a gidanmu, in ba ni ba?” Ta miƙa masa bakin mayafinta. “Riƙe nan, ka rufe ido. Ni na fara sabawa da tafiya ba gani.”

Ya riƙe, ya rufe ido, ta shige gaba.