Tabon Saman Ƙofa

Tsohon mai fentin ba da ido yake duba mota ba. Lumshe su yake yi, ya bar yatsunsa suna bin jikinta kamar mai lallaɓa jariri ya yi barci. Siriri ne, hularsa ta sha feshi har an rasa asalin launinta. Malamar asibitin da ta kawo motar tana kan benci tana kallonsa, tana raya cewa irinsa ko ƙofa ba ya rufewa da ƙarfi, wataƙila ma gidansa daga shi sai rediyo.

Ɗige-ɗigen baya ba su ba shi wuya ba, ƙaron bishiya ne. Amma a saman ƙofar direba, inda shuɗin ya dusashe, yatsun suka tsaya. Ya shinshina, ya ɗora tafinsa a wurin.

"'Yata, wannan ba rana ba ce, ba sabulu ba. Man shafawa ne. Wa ke dafa nan kullum?"

Har za ta ce babu kowa, sai mahaifiyarta ta faɗo mata a rai. Kowace safiya tana dafe da wurin tana jero addu'a, ita kuwa tana duban agogo. Wata huɗu ke nan babu mai dafawa.

"Baba, zai fita?"

"Tas, in kina so."

Ta tsura wa tabon ido. Yana goge motar a hankali, in tsumman ya zo wurin sai ya kewaye ya wuce.