Ranar da Na Tare wa Mu'awiya Hanya

Mu'awiya ɗana ne na biyu, shi ya sa nake iya kama sunansa. Tun yana ƙarami bai iya tafiya a hankali ba. In na aike shi sayen gishiri, kafin in juya miya ya dawo yana haki. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, yakan ce ƙafar kakansa ya ɗauko, wanda yake kawo kifi daga Dagona a ƙasa.

Da ya shiga sakandare a Gashuwa, malamin wasanni, Malam Msughter mutumin Binuwai, ya sa shi cikin masu gudun yada-ƙanin-wani. Har gida ya zo neman izini. "Mama, yaron nan zai kai gasar jiha," in ji shi. Na ce to, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Shekarun tsoro ne. A kowace mashigar gari akwai shingen sojoji, sai mutum ya sauka daga abin hawa, ya ɗaga hannu, ya wuce sannu a hankali. In mutum ɗaya ya ruga a kasuwa, kowa sai ya bi shi, ba mai tambayar dalili.

Ranar gasar makaranta za su fita ta hanyar Katuzu, su zagayo fadama, su shigo ta wajen shingen. Malam ya ce ya sanar da babban sojan wurin. Na cika gora da ruwa, na je na tsaya kusa da masu tallan kifi. A nan na lura fuskokin sojojin ba waɗanda na saba gani ba ne. Ashe da safen nan aka canja su.

Sai ga Mu'awiya, shi kaɗai, sauran yaran ko alamarsu babu. Ya tuɓe rigar makaranta saboda zafi, ya naɗe ta ya ɗaure a ƙugu. A shekarun nan kowa ya san abin da ake zargi in an ga ƙunshi a ƙugun saurayi. Masu kifi suka watse. Wani soja, shi ma yaro ne, ya ɗaga bindiga yana tsawa da Turanci. Na san ɗana: in yana gudu ba ya jin komai, kansa a ƙasa yake.

Kira ba zai tsayar da shi ba. Amma akwai abin da na sani. Bai taɓa wuce ni a tsaye ba, ko a tsakar gida ko a kan titi, sai ya durƙusa. Na yi bisimilla, na taka tsakiyar kwalta, na juya wa bindiga baya. Gadon bayana ya ɗau zafi kamar an ɗora masa garwashi.

Silifas ɗina ya fara gani. Ya ja ya tsaya da ƙyar, har ya goge gwiwa, ya durƙusa.

"Iya, lafiya? Ni ne na ɗaya fa."

"Gaisuwa ake fara yi."

"Ina kwana, Iya."

"Lafiya lau. Kwance rigar nan a hankali, ka ajiye ta a ƙasa. Karɓi ruwa."

Ya leƙa bayana. Sai a lokacin ya ga bindigar.

Muna nan har sauran yaran suka iso, Malam yana biye a keke, yana busa usur, yana cewa ɗalibansa ne. Sannan sojan ya sauke bindigar. Kyari, wanda kullum Mu'awiya yake bari a baya, shi ya ci, shi aka kai Damaturu.

Yau Mu'awiya Keke Napep yake tuƙawa a Nguru, 'ya'yansa biyu. Har yanzu yakan yi gudu bayan la'asar a gefen tsohon layin dogo, da rigarsa a jiki komai zafi. Yakan tsokane ni ya ce, "Iya, ke kika cinye min kofi." Sai in ce Allah ya ba shi haƙuri. In na kai musu ziyara ya fita gudun nan, carbi yana hannuna, ba na iya zama sai na ji takunsa ya lafa a ƙofar gida, ya yi sallama.