Igiya Mai Ƙulli Uku

Mai gidana kafinta ne. A Dutse ya yi sana'arsa har Allah Ya karɓi abinsa. Bai taɓa yanka katakon gadon amarya ba sai ya je ya ga ɗakin da idonsa. Yana da tef na awo, amma igiya ya fi yarda da ita: ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya ƙulla, ya dawo ya rataye ta a ƙusa. Da aka sa ranar 'yarmu ta fari da wani malamin makaranta a Kiyawa, ya hau babur ya je ya auno ɗakin, ya dawo da igiya mai ƙulli uku. Ya haɗa gadon da katakon maɗaci. Saura shafa mai kawai ciwo ya kwantar da shi. Kwana tara ya yi.

Bayan na fita takaba, ƙaninsa, wanda yara ke kira Baffa, ya ce kayan ɗaki a wuyansa suke. Na gode masa, har yau ina gode masa. Ya ɗauke mu a mota, ni da yarinyar, zuwa wani sabon kantin kayan ɗaki a cikin gari. Na ɗauka kujeru da madubi za mu duba, tunda gado akwai.

Kantin ba kaya da yawa a ciki. Abin da suke taƙama da shi wani tabarau ne mai kauri kamar ƙaramin akwati, da ake ɗaura wa mutum a fuska. Mai kantin ya ɗaura wa 'yata. Sai na ga tana juyi a tsakiyar kanti, tana miƙa hannu tana shafa iska, tana dariya. Rabon da in ji dariyarta tun kafin rasuwar. Wannan kaɗai ya sa ban hana ba.

"Umma, sa ki gani," in ji ta.

Aka ɗaura mini. Kantin ya ɓace, Baffa ya ɓace, ita ma ta ɓace. Na tsinci kaina a wani ɗaki mai faɗin tsakar gidanmu, taga har ƙasa, ga wani gado a tsakiya kamar jirgin ruwa. Na duba ƙasa ban ga ƙafata ba. Na ɗaga hannu ban ga hannuna ba. Na cire abin.

Na ce da mai kantin, "Malam, wannan ɗakin ƙafa nawa ne?"

Ya yi murmushi. "Hajiya, ai wannan ɗakin ba shi da awo. Don ki ga kyan kayan ne."

"To ɗakin da za a kai ta yana da awo."

Baffa ya ce, "Yaya, ki bar zamani ya yi aikinsa. Gadon marigayi, Allah Ya ji ƙansa, tsohon yayi ne. A bar wa ƙannenta."

Mai kantin bai tambayi ko ina ɗakin yake ba. Bai tambayi faɗin ƙofa ba. Na sha ganin mai gidana ya mayar da ciniki saboda an hana shi ganin ɗaki, ga wannan kuma yana sayar da gado a ɗakin da babu shi a duniya. Ka rufe wa marainiya ido, ka nuna mata gidan da ba nata ba, ka ce wai kasuwanci. Baffa ya sayi gadon kantin. 'Yata ta sunkuyar da kai, ba ta dube ni ba har muka iso gida. Gadon ubanta yana nan a shagonsa na ƙofar gida, an lulluɓe shi da tsohon zanena.

A al'adarmu amarya ba ta zuwa ganin ɗaki, mata danginta ke zuwa kafin ranar jere. Muka tafi Kiyawa da ƙanwata da wata mai sayar da labule da muka yi ciniki da ita. Ban san me ya sa ba, na zare igiyar daga ƙusa na sa a jaka.

Ɗakin madaidaici ne, taga ɗaya, ƙofa a gefe. Mai labulen ta fito da wayarta ta nuna wa tagar. Na leƙa. Tagar ce dai, da ƙarfenta da tabon ruwan da ke ƙasanta, sai ga labule ruwan zuma ya sauka a kanta a cikin wayar. Ta taɓa, ya koma shuɗi. Ƙanwata ta gifta, na gan ta a ciki da mayafinta.

Ƙanwata ta ce, "Ikon Allah! Ni ma ki sa mini leshi mana, tunda abin kyauta ne."

"Ke sai an auna ki da igiyar rijiya," in ji mai labule.

Na ce, "Baiwar Allah, abin nan naki yana sa gado?"

"In kin san awonsa."

Awon yana jikin takardar hoton da kantin suka ba mu. Ta shigar, ta ɗaga wayar. Gadon ya fito, ya cinye ɗakin, gindinsa ya toshe rabin ƙofa. Sai ƙanwata ta ce, "To amarya ta taga za ta riƙa shiga?"

Na fito da igiyar. Ƙulli na farko tsawon gado ne, na biyu faɗinsa, wannan na sani tun da. Na uku ne ban gane ba duk watannin nan. Mai labule ta auna biyun da tef, ta shigar. Gadon mai gidana ya zauna a jikin bango, ƙofa ta buɗe sarai. Na durƙusa na ja ragowar igiyar daga inda gadon ya ƙare zuwa ɗaya bangon. Ƙulli na uku ya tsaya daidai. Na dubi wajen, na dubi gabas. Wurin shimfiɗa dadduma ne. Ya bar wa 'yarsa inda za ta yi salla.

Na daɗe a durƙushe. Suka fita suka ba ni wuri.

Ba zan ce wayar ta burge ni ba. Ba ta faɗi abin da igiya ba ta riga ta faɗa ba. Amma ta bar ni a cikin ɗakin, ta bar mini hannuna, kuma ta ba ni hoto biyu da zan kai wa wanda ba zai saurari igiya ba. Mai labule ta tura su wayar ƙanwata.

Baffa ya kalli hotunan ya ce ana iya fasa ƙofar a faɗaɗa. Na ce gidan mutane ne. Ya koma kantin, suka ce kayan da ya fita ba ya dawowa, wai ai mun gani da idonmu kafin mu saya. Da idonmu! Wannan maganar ita ce har yau ban haɗiye ba.

'Yata ta riƙe wayar ƙanwata tana kallon hoto na biyu. Na ajiye igiyar a cinyarta, na nuna mata ƙulli na uku, na faɗa mata ko na mene ne. Da la'asar na ji motsi a shago. Na leƙa, ta yaye zanen, ta samo gwangwanin man da ubanta ya bari, tana shafa wa gadon da tsumma.

Ranar jere gadon ubanta ya shiga ƙofar ba tare da ya goge bango ba. Babban kuwa yana gidan Baffa, a jingine, ko ledarsa ba a cire ba.