Wuƙar Baba da Tauren Hedimasta

Tun ina ƙarama na tashi na ga Babana ne ke yanka tauren Kirsimeti a gidan Hedimasta. Mu muna Samaru, su suna Sabon Gari, can wajen Dogarawa. Hedimasta Kirista ne, mutumin kudancin Kaduna. Ya daɗe yana riƙe da wata firamare, har sunan ya bi shi bayan ya yi ritaya. Baba kuwa direba ne a jami'a. Gona ce ta haɗa su. Iyakarsu ɗaya a hanyar Zabi, kuma a bakin kunya suka fara gardama tun kafin a haife ni.

Ba su suka ƙirƙiro al'adar ba. Kiristoci da yawa a Sabon Gari kan nemi Musulmi ya yanka musu dabbar biki, don idan an dafa an aika wa maƙwabta su ci hankali kwance. Amma nasu ya wuce haka. Ranar jajibiri da safe Baba zai fito da wuƙarsa ta layya, ya wasa ta a dutsen bakin rijiya, ya naɗe ta a tsumma, mu nufi bakin titi mu hau mota. Ni ce 'yar rakiya, saboda cincin ɗin matar Hedimasta, wadda muke kira Mama ta Sabon Gari. Hedimasta ke riƙe ƙafafun tauren, sai dai ba ya iya kallon jini. Da Baba ya yi bismillah, sai ya kau da kai ya runtse ido, Baba kuma ya ce, "Riƙe da kyau, Hedimasta. Ka gama da 'ya'yan mutane da bulala, ga ka kana tsoron jinin akuya." Kowace shekara maganar ke nan, kuma kowace shekara sai Hedimasta ya yi dariya kamar yau ya fara ji.

Da mulkin farar hula ya dawo, wayar hannu ta fara shiga aljihun mutane, sai suka samu sabon abin gardama. Hedimasta ya bi wata jam'iyya, Baba ya bi wata. Ɗan takarar su Hedimasta ne ya fara ci. Ba sai na faɗi kujerar da ya hau ba. Onorabul kawai ake ce masa, kuma ta hannunsa takin gwamnati ke bi kafin ya isa ga manoma.

Daminar farko, Baba ya yi ta zarya wurin da aka ce za a raba taki. Ya sha rana a layi, aka ce ya ƙare. Daga baya aka gane a gidajen shugabannin jam'iyya aka raba, sauran kuma ya ɓulla a kasuwa. Hedimasta ya samu. Wata la'asar sai ga shi a ƙofar gidanmu, ɗan acaba na biye da shi da buhunan taki. Rabin nasa ne ya kawo wa Baba. Ina zaure ina tsince shinkafa, komai a kunnena.

"Daga ina?" in ji Baba.

"Daga inda ya fito. Masara ba ta tambaya, Malam. Ka sa a shiga da shi."

Baba bai ko tashi daga dakali ba. Ya ce Onorabul ɓarawo ne. Hedimasta ya ce mutumin ya yi kwalbati, ya sa wa makaranta rufi, kuma wane ne ya taɓa hawa bai fara da nasa ba? Baba ya ce an ga gidan da yake ginawa a Kaduna. Hedimasta ya ce, "To mutum ba zai yi gida ba?" Nan Baba ya faɗi maganar da har yau zan iya maimaita ta: "Wanda ya ci takin talaka, ko titi ya shimfiɗa har ƙofar ɗakina, ɓarawo ne. Wanda kuma ya karɓa yana sane, ya taya shi ci."

Hedimasta ya leƙa ya gaida Mama, ya sa ɗan acaba ya juya da buhunan. A shekarar masarar Baba ta yi ruwan ɗorawa, ta tsaya iya ƙugu, ta Hedimasta kuwa kore shar a gefenta. Baba ya riƙa nuna wa mutane gonarsa kamar wata lambar yabo. Ni ma na yi alfahari da shi. A lokacin na shiga jami'a, kuma duk inda ake gardamar siyasa a aji sai na kawo labarin masarar Babana. Da Disamba ta zo, saƙo ya zo daga Dogarawa kamar kullum, muka je aka yanka taure. Hedimasta ya haɗiye maganar, bai sake tayar da ita ba.

Zaɓe ya zagayo. Ɗan takarar su Baba mutum ne mai sanyin murya, kullum farin yadi marar aiki, kullum a sahun gaba. Baba ya yi masa yawon gida-gida ba tare da an ba shi ko ruwa ba. Ranar da aka ce ya ci, na ga hawaye a idon Baba. Ya ce yanzu talaka zai huta.

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba, na dawo daga lacca na tarar da a-kori-kura a ƙofar gidanmu, ana sauke taki cikin zaure. Irin buhunan nan ne dai, da irin rubutun nan a jikinsu. Maƙwabcinmu, wani dattijo da kowa ya san ba su Baba ya zaɓa ba, yana tsaye a ƙofarsa ya harɗe hannu a baya yana kallo. Motar ba ta tsaya a gidansa ba.

Na ce, "Baba, wannan ba irin wanda Hedimasta ya kawo ba ne?"

Ya ce, "Shiga ciki."

Na shiga, raina a ɓace. Mama tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Buhun dai bai canja ba, ƙofar da ake sauke shi ce ta canja."

Abin da har yanzu ke ba ni mamaki shi ne Baba da zuciya ɗaya ya ware rabi ya ce na Hedimasta ne. Bai ga komai a ciki ba sai zumunci. Mama ta ba ni kuka da daddawa in kai wa Mama ta Sabon Gari, shi ya sa na kasance a wurin.

Hedimasta yana zaune a gindin mangwaron tsakar gidansa, rediyo a kan cinya. Ya dubi buhunan, ya dubi Baba.

"Daga ina?" ya ce.

"Rabo ne aka yi."

"A layi ka samu?"

Baba ya ce wannan daban ne. Ya ce mutanensu sun daɗe ana hana su, yanzu haƙƙinsu ne ya dawo. Hedimasta ya ce sabon Onorabul ɓarawo ne, an ga ginin da ya tayar. Ina tsaye da ƙullin daddawa a hannu, na ji Babana da bakinsa ya ce, "To mutum ba zai yi gida ba?" Kunya ta kama ni har ƙafata. Kuma ba Baba kaɗai ba. Hedimasta, wanda a da yake cewa kowa da nasa yake farawa, yanzu shi ke lissafa laifi da yatsu, jijiyar wuyansa a tsaye. Kamar sun yi musayar riguna ne, kowa ya sa ta ɗan'uwansa, kuma ta yi masa daidai.

Da abin ya yi zafi Baba ya ce, "Ko me za ka ce, namu yana tsoron Allah."

"Ni da na bi wancan fa? Ba na tsoron Allah ke nan?"

Da Baba ya ce haba, ko ya yi tsaki, ko ya zage shi ma, da an wuce wurin. Sai ya yi shiru, shirun kuma ya yi tsawo.

Hedimasta ya kashe rediyon. Muryarsa ta sauka. Ya ce, "Malam, ka ce mini wanda ya karɓa yana sane ya taya ɓarawo ci. A gaban 'yarka ka faɗa. Ban yi fushi ba, kunyarka na ji, don na ɗauka da gaske kake yi. Ashe layi ne bai zo kanka ba."

Baba ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Buhunan suka biyo mu gida. A shekarar gonar Baba ce kore, ta Hedimasta ɗorawa. Suka daina haɗuwa a bakin kunya. In wannan ya je da safe, wancan sai yamma.

Ranar jajibirin Kirsimeti Baba ya fito da wuƙar ya wasa, ya naɗe a tsumma, ya zauna a dakali. Ba saƙo. Hantsi ya yi, azahar ta yi. Ya je masallaci ya dawo ya sake zama. Mama ta ce ya tashi ya je mana, tun yaushe yake jiran a kira shi gidan nan? Ya ce mai taure shi ke aike. Washegari ɗan acaba ya kawo kular shinkafa da nama da ledar cincin, ya ce an ce a gaya mana a mahauta aka yanka, halal ne, mu ci. Muka ci. Baba ya ce cikinsa ba daɗi.

Ba su yanke gaba ɗaya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Da layya Baba ya aika da cinya ta hannun wani. Aka aiko da godiya ta hannun wani. Komai na tafiya yadda aka saba, ban da su biyun.

Da wani zaɓen ya ƙarato, Onorabul ɗin su Baba ya sauya sheƙa ya koma jam'iyyar su Hedimasta. Aka wayi gari an manne bangon Samaru da fosta, tsohon Onorabul da sabon sun riƙe hannun juna sun ɗaga sama suna murmushi. Baba ya daina kunna rediyo. Na ɗauka yanzu zai je Dogarawa, tunda waɗanda aka yi faɗan dominsu sun shirya. Na faɗa masa haka, kuma ban tausasa harshe ba. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce in an cire amfanin gona zai je. Ina jin kunya ce ta riƙe shi, don bai san da wace fuska zai shiga gidan ba.

Ba a kai ga cire amfanin ba. Hawan jini ya kayar da Hedimasta, ɓarin jikinsa ya shanye, cikin 'yan kwanaki ya rasu. Mu sai labarin rasuwar muka ji.

Muka je gaisuwa. An kafa rumfa a ƙofar gida, mata daga cocinsu suna waƙa a hankali. A katangar da ke fuskantar rumfar akwai fostar nan, ruwa ya fara cinye ta. Baba ya zauna can baya a kan benci, kansa a ƙasa. Sai Mama ta Sabon Gari ta fito da kanta, ta ratsa mutane ta tsaya a gabansa.

"Malam, Musulmi da yawa za su zo gobe wurin biso, kuma za su ci abinci. Ga taure can a baya. Tun tauren yana ƙarami marigayi ya saye shi yake kiwo, ya ce na Kirsimetin bana ne. Ya ce bana ba za a kai mahauta ba."

Baba bai zo da wuƙa ba. Ni na koma Samaru na ɗauko ta inda take a naɗe cikin tsummanta. Da na dawo na same shi a gindin mangwaro ya naɗe hannun riga. Babban ɗan Hedimasta, wanda ya zo daga Legas, shi ya durƙusa ya kama ƙafafun. Baba ya fuskantar da tauren gabas, ya yi bismillah. Sai mutumin ya kau da kai ya runtse ido.

"Riƙe da kyau," in ji Baba.

Na tsaya ina jiran sauran maganar. Bakinsa ya motsa, amma ba ta fito ba. Ya yanka, ya karɓi buta ya wanke wuƙar, ya daɗe yana wanke ta bayan ta fita tas.