Kwaɗon Gindin Randa

Shekarar da na gama jami'a, ina jiran a kira ni aiki, na zauna wurin gwaggona a Badaguishiri. Ita kaɗai ce a gidan tun rasuwar mijinta, sai wani kwaɗo da ke zaune a gindin randarta, cikin rairayin da ruwa ke tsattsafowa yana jiƙawa. Ban sani ba ko daidai ne in ce kiwonsa take yi, don ba ta ɗaure shi ba, kuma yawancin abincinsa shi ke nema. Amma tana yi masa hira, kuma in ta kama gyare ko kyankyaso a ɗaki, gabansa take jefawa.

Da kashinsa take gane lafiyarsa. Bayan 'yan kwanaki, in tana shara, sai ta tarar da shi a bayan randa, baƙi, kaurinsa ya kusa ƙaramin yatsa. In ya bushe har ana ganin fukafukan ƙwari suna ƙyalli a ciki. Takan kwashe da ganye ta kai gindin barkononta, tana cewa, "Tsohon nan ya ci ya ƙoshi."

Da bazara ɗanta, wanda ke aiki a kamfanin siminti na Malbaza, ya zo hutu da ragowar buhun siminti. Ya ce bai kamata uwar mai yin siminti ta riƙa taka laka ba. Ya shafe gindin randar sumul, har ya yi wa ruwa 'yar hanya zuwa waje. Gwaggo ta sa masa albarka, maƙwabta suka zo kallo. Ni ma na yaba, don aikin ya yi kyau.

Kwaɗon ya koma wurinsa, amma kashi ya ɗauke. Cikinsa ya kumbura, fatarsa ta bushe, gyare ya bi ta gabansa ko motsi bai yi ba. Gwaggo ta daina yi mini hira da safe, sai ta yi ta shara a wuri ɗaya.

"Kai da ka yi karatu har Yamai," ta ce mini, "mi ke damun shi?"

"Gwaggo, ni ba likitan dabbobi ba ne. Amma kamar an taɓa faɗa mana a lakwal, a cikin aji, cewa kwaɗo ba ya sha da baki, ta fatar cikinsa yake jan ruwa. Ban tabbata ba. Wataƙila wata dabbar ce."

"Wataƙilarka ta ishe ni. Kawo tasa."

Ta zuba ruwan da rana ta ɗumama, kaɗan, iyakar cikinsa, ta saka shi. Ni ina ta fargabar kada ya nitse ya zama shawarata ce ta kashe shi. Ita kuwa ta zauna kan tabarma tana shafa gefensa da yatsa, tana ba shi haƙuri. Kafin la'asar kashin ya fito, da tauri kamar ƙwallon dabino. Ta ɗaga tasar har gaban fuskata don in gani da kyau.

Na ce a riƙa ajiye masa tasar ruwa, a bar simintin, tun da kyautar ɗanta ce. Ta ce tasa tana bushewa, ita kuma tana wuni a lambu. Ta ɗauko taɓarya ta fasa daidai inda randar ke ɗiga, faɗin faifai, ta cika ramin da rairayin fadama. Har yau ina mamakin yadda ba ta fasa fiye da haka ba.

Da ɗanta ya dawo, ya tsaya a kan wurin.

"Inna, wa ya ɓata mini aiki?"

"Ni ce. Tsohon nan bai iya zaman gidan birni ba."

Ya dubi kwaɗon da ya nitse cikin rairayi, idanu kawai a waje. Ya yi dariya, ya kwaɓa ɗan simintin da ya rage, ya gyara bakin ramin don kada ya yanke mata ƙafa.