Wayar Mitar Babur Ɗinsa

Wata bakwai da aurenmu maigidana ya ce zai koma kwana a bariki. Soja ne mai igiya biyu, muna zaune a gidansu na gado a wani lungu bayan Ƙofar Kuyambana. Kullum da sassafe yakan tura babur har waje kafin ya tayar, don kada ƙarar ta katse wa Hajiya, mahaifiyarsa, lazimi.

"Man nan ya fi ƙarfina, amarya," ya ce. "Sai dai in riƙa zuwa Asabar da Lahadi."

Ni da na girma da littattafan soyayya a ƙarƙashin filo, ban taɓa karanta inda fetur ya raba masoya ba. Na ƙudura a raina ba a kaina za a fara ba.

Ranar wanki na tsinci wani fom a aljihun kakinsa. An ce masu kwana a wajen bariki za a sassauta musu abin da ake cirewa a albashi, gwargwadon nisan da suke yi kullum. Na kai masa.

"Yallaɓai, wannan fa?"

"Kilomita suke so. Ni ina na san kilomita? Mitar babur ɗin ta mutu tun ranar da na saye shi."

Ba mutuwa ta yi ba. Bakaniken unguwarmu ne ya zare wayar, kamar yadda yake yi wa kowane sabon babur, wai ba ta da aiki sai tsinkewa. Washegari na tisa maigida a gaba har rumfarsa.

"Amarya, duk Zariya wa kika ga yana duba mita?" in ji bakanike. "Tanki ake girgizawa a ji."

"Malam, akawun bariki ba ya jin girgiza. Mayar mana da ita."

Yana dariya ya mayar.

Na ɗauko littafin da na fi so, na mai da bayan bangonsa wurin rubutu. Da safe in duba mita, shi ya duba in ya isa, da yamma in sake dubawa. Kwana biyar muka yi a haka, kullum dawowa ta fi tafiya tsawo, ba kaɗan ba.

"Hanyar miƙewa take yi da yamma?" na tambaye shi.

Ya sosa ƙeya, ya kalli ƙwaryar da ke gabana. Tun zamanin zance yake kawo mini fura da nono, kuma bai fasa ba ko da rana ɗaya. Ni na ɗauka a kan hanyarsa take. Ashe wata Bafulatana ce can wajen Kufena, sai ya zagaya ya kai gare ta, don sau ɗaya na taɓa cewa tata ta fi daɗi.

Na shiga ɗaki na yi kukana mai daɗi, irin wanda nake yi wa mutanen littafi. Da na fito na ce mu rubuta hanyar safe kawai, ita ce ta aiki. Aka karɓi fom, sassaucin ya zo, amma bai kai yadda muka sa rai ba. Ya sake tayar da zancen kwana a bariki.

"Daga gobe ka miƙo hanya," na ce. "Ba Kufena."

"Furarki fa?"

"Fura na aura?"

Hajiya ta jiyo mu daga tsakar gida, ta ce in kawo gero ta koya mini. Ta farko ta yi gudaji, amma maigida ya shanye ta tas. Da abin da aka sassauta da man da zagayen ke ci a da, tankin ya riƙa kai mu ƙarshen wata, da ƙyar. Bai kwana a bariki ba sai ranar da aiki ya kama.

Har yanzu nakan duba mitar. Wata Juma'ar sai in ga ta yi tsawo, in ɗauko ludayi in jira.