Motar da Aka Sauke Daidai Bakin Gado

Ranar da na fara zuwa garejin Mai Sifirin, salansar motar jikana ce a hannuna, na naɗe ta da tsumma. Jikan nawa ya kai masa mota lafiyayya ya ce a sauke masa ita ƙasa irin ta samarin yanzu. Da ya dawo zai shigo gida, cikinta ya daki kwalbatin ƙofata, salansa ta faɗo, bakin kwalbatin ya gutsure.

Na jefa wa Mai Sifirin ƙarfen a gabansa, na tambaye shi ko sana'arsa ce gurgunta abin da aka ƙera da ƙafafunsa. Na ce mutane na kai mota wurin bakanike don ta tashi, shi kuwa tasa sai ta dawo tana jan ciki kamar agwagwa. Na yi ta zuba sai da na gaji. Sannan ya goge hannu ya ce ya tambayi yaron yadda ƙofar gidanmu take, yaron ya rantse masa shafe take.

"Kai kuma ka yarda da saurayin da ke son burge 'yan mata?" na ce.

Ya yi dariya, ya ɗauki sifana ya biyo ni. Ya tsuguna ya auna kwalbatin da tafin hannunsa, ya ɗaga motar da jak. Shokozobar da ya sa mata irin mai zare ce, sifirin na naɗe a jikinta, zaune kan wani zoben ƙarfe. In ka murɗa zoben sama mota ta ɗago, in ka yi ƙasa ta sauka. Ya ƙara mata yatsa biyu, ta shige tsaf. Tun daga ranar bai sake sauke motar kowa ba sai ya je ya ga ƙofar gidan mai ita da idonsa. Samari suna ƙorafi, yana ce musu su je su tambayi Iya, wato ni.

Haka muka saba. Gidansa na ƙarshen layinmu. Mutum ne da ba ya iya zancen da ba na ƙarfe ba, ko gaisuwa sai ya kawo maganar taya. Matarsa mai ɗinki ce, ita ke magana a madadinsu duka biyu.

Sai ciwo ya kama ta, ƙafar hagu ta daina jin umarni. Likita ya ce in ba a riƙa kai ta asibiti gashin ƙashi ba, ƙafar za ta tafi ke nan. Motarsa kuwa tsohuwar jif ce mai tsayi, shi da ke sauke na mutane bai taɓa taɓa tasa ba. Ranar farko ya ciccibe ta ya ɗora a kujera, maƙwabta na kallo. Daga nan ta ce ba ta ƙara zuwa. Na shiga na yi mata faɗa irin nawa. Ta bari na gama, ta ce, "Iya, a kan gadon nan ni nake zama, ni nake tashi. A ƙofar gida kuwa na zama buhu."

Yana bakin ƙofa ya ji. Bai lallashe ta ba, don bai iya ba. Sai ya ɗauko sandar tsintsiya da allin ɗinkinta, ya tsayar da sandar a bakin gadon, ya ja layi daidai katifa. Ya fita ya jingina ta da kujerar jif ɗin. Tsakanin layin da kujerar tafin hannu ɗaya ne da 'yan kai.

Ya cire sifirin ɗin asali ya rataye su a ƙusa, ya sa masu zare. Yana murɗawa yana kawo sandar, yana murɗawa yana kawo sandar. Har ni ya sa na zauna a ciki, wai nauyina ya kusa nata, na ce ya dai yi hankali da bakinsa. Abokan aikinsa suka yi ta tsokanarsa, wai an ga jif ta durƙusa tana neman gafara.

Da safe ta fito tana dafa bango. Ta juya baya, ta zauna a kujerar kamar yadda take zama a gado, ta ɗaga ƙafar da hannunta ta shigar. Ba wanda ya taɓa ta. Shi kuwa ya tsaya yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

Ƙafar ta dawo har ta koma taka keken ɗinki. Shekaru suka yi suna yawo a durƙusasshiyar motar nan, in sun zo tudun titi ya karkace ya hau a hankali, na baya suna ta hon. Wani ciwon daban ne ya ɗauke ta bara.

Jiya na wuce na ga jif ɗin a kan jak, ya sauko da tsofaffin sifirin daga ƙusa yana goge musu ƙura. Ya ce ai ba sauran dalilin barin ta a durƙushe. Ya daɗe yana goge guda ɗaya, bai kuma ɗauki sifana ba. Na ƙwanƙwasa ƙofar motar da sandata.

"Mai da su inda ka ɗauko, ɗan nan. Gwiwoyina sun fara yi min gardama, kuma ni ma ba mai ciccibata. Gobe kai za ka kai ni asibiti."